Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Maganganun da Ke Yawo a Wayoyin Garinmu

Ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne muka kawo kuka.

Zauren WhatsApp na garinmu don sanarwar jana'iza, ɗaurin aure da farashin hatsi aka buɗe shi. Bayan kaka sai wani ya jefa saƙon murya yana yi wa wata yarinya ƙazafi, alhali an riga an sa ranarta. Kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya, ta kai kasuwa. Dangin ango suka karɓi kayansu. Mahaifinta, dattijon da bai taɓa riƙe babbar waya ba, yanzu ko sahun masallaci da ƙyar yake fitowa. Mai maganar ya goge saƙonsa ya ce wasa yake yi. Magana kuwa zarar bunu ce, kuma malamanmu sun karantar da mu hukuncin ƙazafi a Suratun Nur, bulala 80.

Sai dai, ranka ya daɗe, mun ji wasu na cewa a rufe zauren, a riƙa miƙa duk mai magana ga 'yan sanda. Wannan ba mu goyi bayansa ba. Ta wannan zauren ne matasanmu suka ɗora hoton famfon burtsatsen da ya lalace har aka zo aka gyara. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa damar faɗin albarkacin bakinsa. Ba mu kuma manta da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a 2022 kan rubutunsa a Twitter ba. In aka fara kame, da mai cewa babu magani a asibiti za a fara, ba da mai ɓata 'yar mutane ba.

Roƙonmu, ka umarci Dagaci ya kafa zauren sulhu da liman, masu unguwanni, matasa biyu da mace dattijuwa, don mata ba sa iya faɗin komai a gaban maza. Wanda ya yi wa wani ƙage ya janye da muryarsa a inda ya faɗa, ya je gida ya ba da haƙuri. In ya ƙi, a tafi gaban alƙali. Wanda ya soki aikin shugaba da gaskiya kuwa a ƙyale shi.

Maganar yarinyar nan muke so a fara da ita.

Allah ya ja zamaninka.

Dattawa, iyaye mata da matasan gari