Wasiƙa zuwa ga 'yata: kada a yi gaggawar yanke cibi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Tunda aikin maigidanki bai bari kin zo goyon ciki gida ba, maganar da na so mu yi baki da baki ga ta a takarda. Ki karanta a natse, ki ba shi ma ya karanta. Maganar yanke cibi ce. Mutane na ɗaukarta ƙaramin abu, amma a shekarun da na yi ina karɓar haihuwa ban ga lokacin da ake yi wa jariri gaggawar da ba ta da dalili kamar wannan ba.

Yaro a ciki ba ya numfashi. Huhunsa cike yake da ruwa, jini kaɗan ne ke ratsa shi, mabiyiya ce ke yi masa aikin huhu. Igiyar cibi tana da jijiyoyi uku: biyu na kai jinin da ya gama aiki zuwa mabiyiya, ɗaya babba na dawo da shi ɗauke da iska da abinci zuwa zuciya. Jinin nan da ke kai da komo na yaron ne, ba naki ba, kuma a ranar haihuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nasa yana can cikin mabiyiya da igiyar. A zuciyarsa Allah ya yi wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakuna biyu na sama, da wata gajeriyar jijiya a kusa, duk don jini ya riƙa kewaye huhun da bai fara aiki ba.

Da ya faɗo ya ja numfashin farko, sai lamarin ya juya. Iska ta kori ruwan, jijiyoyin huhu suka buɗe, suna neman jini mai yawa a lokaci guda. Daga ina zai zo? Daga mabiyiya, in an bar hanya. Mahaifa na ci gaba da matsawa, tana turo masa jininsa, har huhu ya karɓi aikin ciyar da zuciya. In kuwa aka matse igiyar kafin ya yi numfashi, ya zama kamar mai noman rani da ya buɗe sabuwar kadada sannan ya toshe babbar hanyar ruwa. Zuciya ta rasa abin da za ta harba, bugunta ya ragu, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya yi ta hawa da sauka. A 2013 masu bincike a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostireliya sun gwada wannan a kan 'yan raguna bakwaini: waɗanda aka fara sa wa iska a huhu kafin a ɗaure musu cibi, zuciyarsu ta ci gaba da aiki daidai, waɗanda aka riga aka ɗaure wa kuwa bugunsu ya faɗi.

Jinin da ake magana a kai ba shi da yawa a ido. Wajen mililita 80 ne ke shiga jikinsa a minti na farko, ya kai kusan 100 a minti uku. Amma ga wanda nauyinsa duka kilo uku ne, wannan dukiya ce. A cikinsa akwai sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, kuma nono, duk da albarkarsa, ba shi da wannan sinadari da yawa. Da abin da ya zo da shi duniya yaro ke dogara har ya fara cin abinci. A Suwidin an bi jarirai 400 a wani binciken da aka fitar a 2011. Da suka kai wata huɗu, cikin waɗanda aka yanke wa cibi nan take kusan kashi 6 cikin ɗari sun rasa isasshen sinadarin, cikin waɗanda aka jira wa minti uku kuwa ko kashi ɗaya bai cika ba. Can ke nan, inda abinci ya wadata. Mu nan binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, ga zazzaɓin cizon sauro na jiransu. Don me za a binne jinin yaro tare da mabiyiya a bayan ɗaki?

Kakanninki ba su san waɗannan lissafe-lissafen ba, amma a nan sun dace. Mace kan haihu, a aika kiran ungozoma, ba a taɓa cibi sai uwa, wato mabiyiya, ta faɗo. Inda aka sha wahala shi ne abin yankan da abin da ake shafawa bayan nan. Asibiti ya gyara tsafta, amma ya zo da sauri, aka daɗe ana koyar da cewa matse cibi nan take na hana mace zubar da jini. Daga baya an tabbatar jira ba ya ƙara zubar jini, kuma allurar da ake yi wa mai jego don mahaifa ta tsuke ba ta hana a jira. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a matse cibi kafin minti ɗaya, a bari tsakanin ɗaya zuwa uku. Sai dai hannun da ya saba da sauri ba ya saurin dainawa, balle a ɗakin haihuwar da malama ɗaya ke kan mata da yawa.

Shi ya sa nake so ki yi magana tun a wurin awo, kada ki bari sai naƙuda ta kankama, lokacin ba za ki iya ba. Ki ce wa malamar, cikin ladabi, kina so in yaro ya zo lafiya a ɗora miki shi a ƙirji, a goge shi, a lulluɓe ku, a jira ya yi kuka, igiyar ta yi laushi ta yi fari kafin a yanke. Ki roƙa a rubuta a katinki. Na san ki da kunya, ga ta haihuwar fari, amma wannan haƙƙin yaron ne kuma ba shi da bakin nema. Ko aiki aka yi miki ana iya jira, ki tambayi likita tun da wuri. In kuma bakwaini ya zo, Allah ya kiyaye, shi ya fi kowa buƙata, domin an ga jiran na rage mace-macensu da yawan ƙarin jini.

Akwai inda ba a jira. In yaro ya fito shiru bai motsa ba, aka goge bayansa bai yi numfashi ba, kuma ba a iya taimaka masa a gefenki, to yankewa a kai shi inda za a ba shi iska ya fi komai. Haka in jini ya ɓalle miki, ko mabiyiya ta rabu tun kafin ya fito. A nan ki bar su su yi aikinsu, kada maigidanki ya tsaya musu.

Jinin da jiran ke ƙara wa yaro kan ɗan ƙara yiwuwar ciwon shawara. A makon farko ki riƙa duba idonsa da dasashinsa a hasken rana kullum. Kika ga rawaya, ko ya ƙi kama nono, asibiti kai tsaye, ba jiƙo ba, ba shanya shi a hantsi ba. Guntun cibin kuma a sa masa man kulohekzidin da za su ba ki, da hannu wankakke, kuma kada ya kusanci ido. Ban yarda da makilin ko toka ko gashi da tsumma mai zafi ba, ko wa ya kawo shawarar. In tsofaffin gidan suka matsa, ki ce ni na hana, su kira ni mu yi magana.

Babanki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. Ki gaida maigidan, ki ce masa ya aiko mini da ranar da likita ya ba ki, don in shirya tahowa kafin lokacin. Allah ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki.