Masu gina shafukan intanet, ku daina ɓoye sanarwa a ƙasan shafi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga masu gina wa makarantu, asibitoci da 'yan kasuwa shafukan intanet.

Ku 'yan jarida kun fi kowa sanin cewa a ninke jarida take a teburin mai sayarwa, shi ya sa babban labari ke zama a rabin sama. Shafin intanet ma yana da nasa ninkin, wato inda fuskar waya ta ƙare. A 2018 kamfanin Nielsen Norman na Amurka ya bi diddigin idanun masu karatu, ya gano kashi 57 cikin 100 na lokacin kallonsu a fuskar farko yake ƙarewa, kashi 74 kuma a fuska biyun farko. Mutane suna jan shafi, amma sai abin da suka fara gani ya kwaɗaita musu.

To me ake cika wannan fili mai tsada da shi? Hoton shugaba da jawabin maraba, ko hotuna biyar masu juyawa da kansu. Ranar rufe rajista, kuɗin fom da lambar waya kuwa sai an ja yatsa ya gaji.

Faɗin fuskar yawancin wayoyin Android, a ma'aunin masu zana shafi, fiksel (ƙananan ɗigogin da ake auna fuska da su) 360 ne zuwa 412. Wurin ya ishi ƙaramin tambari, layi ɗaya mai faɗin aikinku, da maɓallin abin da baƙo ya zo nema. Maɓallin ya kai fiksel 48 don babban yatsa, rubutu kuma 16.

Akwai kuskuren da ba a cika lura da shi ba: idan hoto ya cika fuska cif, mai karatu zai ɗauka shafin ya ƙare, ya fita abinsa. A rage tsayin hoton yadda kan rubutu na gaba zai leƙo daga ƙasa. Nauyinsa ma a matse, daga megabayit 3 na kamara zuwa ƙasa da kilobayit 200, domin Google na son babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, ga kuma tsadar data.

Kafin a saki shafi, a gwada shi a ƙaramar waya da datar layi, ba a kwamfutar ofis ba. A miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, a ce ya nemo kuɗin fom.

Naka,
Mai zana shafukan intanet, Kano