Matakan zama farfesan falsafa a Sudan

Edita, assalamu alaikum. Iyaye da dama a Mai Wurno da Gadarif suna ɗauka mai karanta falsafa ba shi da makoma. Ga yadda hanyar take.

A jami'a irin ta Khartum, wanda ya fita da sakamako mai kyau ana iya ɗaukarsa mataimakin malami. Digiri na biyu ya mai da shi lakcara, digirin dakta ya kai shi mataimakin farfesa. Daga nan sai rubutu: maƙalu a mujallun da masana ke tantancewa, da duba binciken ɗalibai. Farfesa Kamal Shaddad, wanda aka fi sani da shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan, ya koyar da falsafa a wannan jami'a.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne mantiƙi, wato ilimin tsara hujja, da kuma harshe. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, littattafan Ibn Rushd, masanin falsafa na Andalus, za su gagare shi. Marar Turanci kuma rabin littattafan fannin sun wuce shi. Wasu kuma sai su ɗauko taken bincike mai faɗin teku, shekaru su tafi ba a gama ba. Alhali ga rubuce-rubucen Abdulƙadir ɗan Tafa, masanin falsafa na Daular Sakkwato, wanda ya rasu a 1864, suna jiran mai nazari.

Wasu malamai, Wad Madani