A Ba Tsofaffin Faya-fayan Kenny Burrell Fili a Shirinku na Dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da shirinku na rediyo na kaɗe-kaɗen ƙasashen waje, domin in ja hankalinku ga faya-fayan Kenny Burrell, tsohon gwanin kaɗa jita a fagen jaz, waɗanda kamfanin Blue Note ya sake fitarwa.

An haifi Burrell a birnin Detroit na Amurka a 1931, kuma tun yana ɗalibi ya fara shiga faifai tare da fitaccen makaɗin jaz Dizzy Gillespie a 1951. Bayan ya koma New York a 1956 ya yi kiɗa da manyan taurarin jaz irin su Billie Holiday da John Coltrane da Jimmy Smith, daga bisani kuma ya shiga koyarwa a jami'ar UCLA da ke birnin Los Angeles tun daga 1978. Mutumin da ya haura shekara 90 a duniya, kuma ya ba kiɗa kusan dukkan rayuwarsa, ya cancanci fiye da a riƙa amfani da sautinsa wajen cike gurbi tsakanin sanarwa da sanarwa.

Faifan da na fi so ku nema shi ne Midnight Blue, wanda aka ɗauka a watan Janairun 1963 a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey, aka kuma sake buga shi a faifan garmaho a 2021. Babu fiyano a cikinsa, kuma wannan rashin shi ne ya buɗe wa jita fili. Stanley Turrentine yana busa saksofon, Ray Barretto yana kan gangunan konga, Major Holley mai kaɗa bes da Bill English mai ganguna suna riƙe da ƙasan kiɗan, shi kuwa Burrell yana kaɗawa a natse, ba ya gaggawa, ba ya neman burge kowa da saurin yatsa. Yakan taɓa tsirkiya, ya bar sautinta ya gama fita kafin ya taɓa ta gaba, kamar dattijon da yake auna kowace kalma kafin ya furta. A nan ne amfanin sake fitar da faifan yake, domin injiniyan sauti Kevin Gray ya koma ga ainihin tef ɗin da aka ɗauka tun farko, ta yadda mai sauraro zai ji nauyin hannun makaɗi a kan ganga da kaurin jitar, abubuwan da kwafin da ke yawo a wayoyi yake haɗiyewa. Haka ma faifansa na farko na 1956, Introducing Kenny Burrell, ya sake fitowa a jerin sabbin bugun tsofaffin faya-fayai mai suna Tone Poet da kamfanin Blue Note ya soma a 2019, shekarar da ya cika shekara 80 da kafuwa.

Abin da yake damuna shi ne yadda akan sa irin wannan kiɗa a rediyo a yanke shi a tsakiya, ba a faɗi sunan makaɗi ba, balle shekarar da aka ɗauka. Kiɗan jaz hira ce tsakanin makaɗa, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya amsa, kuma wanda aka katse masa ita a rabi ba zai taɓa gane abin da ake yabawa a cikinta ba. Na tabbata matasanmu masu koyon jita, waɗanda galibinsu suke ɗaukar sauri a matsayin ƙwarewa, za su ƙaru ƙwarai idan suka ji mutumin nan a tsanake.

Roƙona shi ne ku ware masa shiri guda cikakke, ku nemi sabon bugun ta halastacciyar hanya, ku bar kowane kiɗa ya kai ƙarshensa, sannan mai gabatarwa ya ambaci sunan kowane makaɗi da abin da yake kaɗawa.

Naku mai sauraro na kullum.