Sanarwa Kan Karatunmu na Rumbun Bayanai

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka.

Wannan makon za mu shiga babin dangantaka tsakanin tebura (wato jadawalan da ake jera bayanai a cikinsu) a littafin da muke bi. Don Allah kada kowa ya tsallake shi. Na lura wasunmu sun ƙosa su kai ga zana fom da rahoto, alhali wannan babin ne tushen aikin.

Tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, a kansa manhajar rumbun bayanai ta Microsoft Access ke tafiya har yau: kowane bayani a ajiye shi wuri ɗaya tak. Sunan ɗalibi ya zauna a teburin ɗalibai, tare da lambarsa da babu mai irinta. Teburin sakamako kuwa lambar kaɗai zai ɗauka. In an yi kuskure a sunan, gyara ɗaya ya wadatar, ba sai an bi layi ɗari ana goge-goge ba.

Kowa ya gina tebura biyu, ya haɗa su, ya turo hoton kafin Lahadi. Wanda ba shi da Access ya sauke LibreOffice, kyauta ne, akwai Base a ciki, manhajar da ke yin irin aikin Access. In an maƙale a yi tambaya a nan cikin rukuni.