A duba hitar ruwa mai gas kafin hunturu ya kankama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu karatu kan hitar ruwa mai aiki da gas, irin wadda ake maƙalawa a bango, ta ɗumama ruwan wanka nan take da zarar an buɗe famfo. Rashin tsayayyar wutar lantarki da tsadarta sun sa ana ƙara ganinta a gidajenmu, sannan 'ya'yanmu da ke karatu a Masar da Aljeriya da Maroko suna tarar da ita a gidajen haya ba tare da kowa ya yi musu bayaninta ba. Sana'ata ita ce haɗa bututun ruwa da na gas, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kafa wannan na'ura a manta da ita shekara da shekaru, ba a kiran mai gyara sai ranar da ruwa ya daina zafi.

Yawancin mutane yoyon gas kaɗai suke tsoro, kuma suna da gaskiya, sai dai shi gas ɗin girki an sa masa wari da gangan domin hanci ya ji shi. Wanda ya fi shi haɗari shi ne kabon monoksaid, iskar da ke fitowa idan gas bai ƙone sarai ba, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta kuma sa tari. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali idan an kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Jini yana kama ta da ƙarfin da ya ninka kamun da yake yi wa iskar numfashi fiye da sau 200, shi ya sa mutum zai shiga wanka lafiya lau, ya fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ƙafafunsa su mutu, ya kasa ko da buɗe ƙofa. Mu da muka saba ɗora kowane ciwon kai a kan zazzaɓin cizon sauro, ya kamata mu lura: idan ciwon yana zuwa bayan wanka, ko yana kama mutanen gida tare, ya kuma lafa idan an fita waje, to a zargi hita.

Na'urar tana nuna alama tun kafin a kai ga haka. Akwai 'yar taga a gabanta da ake hango wuta, kuma lafiyayyar wuta shuɗiya ce, gajera, a tsaye cak. Idan ta koma ruwan ɗorawa, ta yi tsawo tana rangaji, ko aka ga baƙin hayaƙi ya fara shafar bango ko silin da ke samanta, a kashe ta, kada a sake kunnawa sai mai gyara ya zo. Sau da yawa idan na cire murfin irin wannan hita nakan tarar da ƙurar hunturun bara ta kwanta a kan ramukan da wuta ke fitowa, ga yanar gizo-gizo a mashigar iska, wani lokaci har da gidan zanzaro a cikin bututun hayaƙi. Aikin share wannan bai taka kara ya karya ba, amma shi ne ke raba wuta mai tsabta da mai guba, don haka nake ganin wajibi ne a kira wanda ya san aikin sau ɗaya a shekara, a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin sanyi ya sa a rufe tagogi.

Wurin da aka kafa ta ma abin dubawa ne. A ra'ayina, hitar da ke shan iskar ɗaki ba ta da gurbi a cikin banɗaki, komai ƙanƙantarta, domin wuri ne matsattse da ake rufewa ruf, ga tururi. A kafa ta a baranda ko wani wuri mai iska, a sa mata bututun hayaƙi na ƙarfe da zai fita waje yana hawa sama, a kuma daina toshe kafofin iska da tsumma ko kwali saboda sanyi. Wanda yake da hali ya sayi 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara idan kabon monoksaid ya taru, ya maƙala ta kusa da ɗakunan kwana.

Akwai kuma kuskuren da masu shigo da kaya daga waje suke yi. Gidaje da yawa a Alƙahira suna amfani da gas na bututun gwamnati, wanda ya bambanta da na tukunya da muke saye a nan, kuma ramukan feshin gas na kowannensu daban ne. Idan aka haɗa hitar da aka ƙera don gas na bututu da tukunyar gas ba tare da an canja waɗannan ramuka ba, wuta za ta yi yawa, ta yi hayaƙi. A karanta takardar da ke manne a jikinta kafin a biya kuɗi.

Sauran kulawar mai gida zai iya yi da kansa. A riƙa shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da kan tukunya. Idan kumfar ta yi ƙwai-ƙwai tana tasowa, akwai yoyo, kuma kada a kuskura a gwada da ashana. Tiyon da ya tsattsage ko ya bushe ya yi tauri a canja shi da na gas na ainihi, ba na ban ruwa ba. Gas na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka idan an ji wari a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki. Idan hita tana ƙas-ƙas ba ta kamawa, galibi batura biyun da ke ƙasanta ne suka yi sanyi, ko kuma 'yar rariyar da ke mashigar ruwa ta cika da yashi. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana barin farin ɓawo mai tauri a cikin siraran bututun jan ƙarfe, ya rage gudun ruwa, ya ƙara cin gas, kuma mai gyara yana wanke shi da ruwan kal. Zafin ruwa kuwa kada ya wuce digiri 50, domin a digiri 60 fatar yaro tana ƙonewa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Idan aka tarar da wani ya galabaita a banɗaki, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili, a garzaya asibiti a faɗa wa likita cewa ana zargin hayaƙin gas, domin iskar numfashi ta asibiti ita ce magani. Madara da manja ba sa fitar da wannan guba, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki yana iya shaƙe shi.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, da ta sa ido kan ingancin hitoci da tiyo da ake shigowa da su, ga 'yan kasuwa kuma su riƙa haɗa mai saye da wanda ya iya kafawa. Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a waje su tambaye su a waya ko hitar gidansu tana cikin banɗaki, da kuma launin wutarta.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Jos, Jihar Filato