Lakar da ake yashewa ta isa ta gyara tsohon juji

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili. Wallahi yana damuna yadda ake yashe kogi da tashar jiragen ruwa a kwashe lakar a je a zubar kawai, alhali ga tsohon juji an daina zuba shara a cikinsa yana ta fitar da iskar gas, ruwan sama na wanko dattinsa zuwa ruwan ƙasa. Me zai hana in an gama rufe jujin da yumɓu a shimfiɗa lakar nan a kai, amma fa sai an gwada ta tukuna saboda gishiri da gubar dalma, sannan a shuka ciyayi 'yan asalin wurin tunda su suka saba da ƙasar, ba sa cin ban ruwa, saiwarsu ta riƙe ƙasa kar ta zaizaye. Ga misalin cewa tsohon juji na gyaruwa: jujin Fresh Kills na New York da aka rufe a 2001 yanzu wurin shaƙatawa ake mayar da shi.

Hukumomin muhalli don Allah ku duba.

Naku,
Mai karatu